Gwangwanaye a Kan Katanga

Talata Mafara,
Ranar Lahadi, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Shafa'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Sakkwato lafiya. Allah Ya tsare motarku tun daga tasha, Ya rufe idon duk mai mugun nufi da ke laɓe a bakin hanya, Ya wuce da ku Lambar Bakura da Tureta ba tare da kowa ya tsayar da ku ba. Ina fata kin sami ɗaki a makarantar, kin sami abokan zama na kirki, kuma an nuna miki inda ake ɗibar ruwa. Babanku yana gaishe ki, ko da yake yana can ƙofar gida, bai san ina rubutu ba.

Na zauna rubutun nan ne da kika fita sallamar ƙawayenki. Zan cusa takardar cikin jakarki, ƙarƙashin zannuwa, don na san halina. In na ce sai gobe a tasha zan faɗa miki da baki, to faɗa zan ɓige da yi miki a kan kin manta cokali ko kin ɗaura ɗankwali a karkace. Rubutuna kuma kin san shi, rabona da aji tun ina 'yar firamare a Kaya. Ki bi shi a hankali. Inda kika ga tawada ta baje, biron Babanku ne mai zuba, kada ki kawo wa ranki komai.

Kusa da takardar za ki ga 'yar kwalbar turare cike da toka. Kada ki zubar. Cikin tokar akwai irin Gajera, fulawar yayanki. Shekara uku kina ba ta ruwa da fuska a ɗaure, amma ban taɓa barin ki taɓa shuka ko cire iri ba, ni kaɗai nake yi kamar wani asiri. Yau ga shi a hannunki ba ki san kansa ba, kuma laifina ne. Don haka ki saurara in gaya miki yadda ake yi da ita. Mafi yawan abin da na sani ta hanyar kashe ta na koye shi.

Kina ajin farko na sakandare shekarar da yayanki ya dawo cin rani daga Abuja, inda ya yi aiki wurin wani mai sayar da fulawa a bakin titi. Sa'anninsa suka dawo da rediyo da takalma, shi ya dawo da 'yar takarda mai hoton fure rawaya, a ciki wasu 'ya'ya baƙaƙe kamar na kankana. Ya ce sunanta fulawar kallon rana, amma wannan gajeren iri ne, ba ya wuce gwiwa. Na dube shi, zanƙalelen mutum da sai ya sunkuya yake shiga ɗakina, na ce a raina duk tsawon nan abin da ya iya ɗaukowa ke nan.

Na ce, "Ana miya da ita?"

Ya ce, "A'a Inna, wagga ba ta ci ba ta, ta kallo ta."

Na ce, "To kallo ka cika ciki? Tahi ka taya Babanku gyaran rumbu."

Dariya kawai ya yi, ya je ya shuka abarsa a gindin randa. Ta fito, ta yi ganye huɗu gwanin sha'awa. Wata safiya na kwance awaki ban duba ba, kafin in juyo sun share wurin tas. Na zaci zai yi magana. Sai kawai ya bi bola ya tattaro gwangwanayen tumatir manya da na fenti, ya sake shuka a ciki, ya jera su a kan katanga inda akuya ba ta kai wa. Ki riƙe wannan tun yanzu: duk inda za ki ajiye ta, ki fara duba me ke yawo a wurin. Akuya, kaza, ƙadangare, har ɓera, kowa yana son ta tana jaririya. Ki ɗora ta sama, in da hali ki kifa mata tsohon kwando mai huji har ta yi ƙarfi.

Da ta yi fure, mata masu zuwa rijiya suka riƙa tsayawa da tuluna a ka suna kallon katangarmu. Kai kamar faifai a kan kara mai tsawon kamu ɗaya, tsakiya baƙi, gefe rawaya shar. Ran nan ina tankaɗe ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Inna, ko cikin gari mai gida dubu anka kai ki, in nig ga wagga bisa katanga ba ni tambayar kowa, sallama kawai za ni yi."

Na ce, "Wa yac ce maka ina zuwa wani gari? Kauce ka ba ni iska."

Shafa'atu, wallahi ina son fulawar nan tun ranar da ta buɗe. Idan ya tafi gona nakan taka turmi in leƙa ta, in cire mata tsutsa da hannuna, in sauko kafin wani ya gan ni. Ban taɓa gaya masa ba. Ɗan fari ne, kuma haka muka tashi muka tarar: ba ki kiran sunansa, ba ki yaba masa a gaban mutane, ba ki sakar masa fuska. "Kai" nake ce masa, in yana nesa in ce "wancan". Har ya yi gemu bai taɓa jin sunansa a bakina ba, kuma ina alfahari da haka, ana cewa wance akwai kunya. To ga ni nan da kunyata. Idan Allah Ya ba ki ɗan fari, ki yi kunyarki a gaban surukai in ya zama dole, ban hana ki ba. Amma in kun shiga ɗaki daga ke sai shi, ki kira shi da sunansa. In ya kawo miki abu, ko tsinke ne, ki ce masa ya yi kyau tun yana tsaye a gabanki.

Abin da ya biyo baya kin sani, ba sai na tona ba. Kakar gero ce, da rana tsaka, mutanen daji suka zo a kan babura suka kwashe su a gona shi da sauran samari. Aka haɗa abin da aka haɗa aka kai, wasu suka dawo, shi bai dawo ba. Bayan 'yan watanni garin ya gagari zama, muka ɗaure kaya muka baro ƙasar Maradun, muka zo nan muka kama ɗaki biyu a gidan mutane.

Ranar tashinmu na yi wautar da har yanzu nake jin haushinta. Gwangwanayen sun yi nauyi, motar ta cika, sai na tumɓuko tsiran duka da hannu na zuba a kwano, na ce in mun isa zan dasa. Ai haka muke yi wa dawa da albasa da shinkafa, a cire a kai wani wuri, su ɗan yi yaushi su miƙe. Na ɗauka kowace shuka haka take. Ashe ita saiwa ɗaya ce da ita mai nutsawa ƙasa, in ta tsinke shi ke nan. Na dasa su a nan, na yi musu inuwa da zanena, na yi ta ba su ruwa, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Da ba don ke kin ɗauko busasshen kan da yayanki ya soke a jinkar ɗakinsa ba, da zancen ya ƙare tun ranar. Ban yi miki godiya ba a lokacin, to yau na gode. Ki shuka ta a inda za ta zauna har ta tsufa. Ki nutsa irin da zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ki rufe da ƙasa mai laushi, ki bar ta a wurin. Ba ta son ƙaura. Nakan dubi Babanku yana zaune a ƙofar gidan da ba nasa ba, mutumin da rumbunansa uku suke cika, yanzu yana jiran a kira shi lebura a fadamar wani, sai in ga kamar shi ma tasa saiwar can ta tsinke.

Kin sha tambayata me ya sa dole sai a kan katanga ta wajen titi, alhali akwai wuri a tsakar gida. Na sha ce miki don awaki ne. Gidan nan ko akuya ɗaya babu, kin sani, na sani. Maganarsa ce ta tsaya mini a rai. Garinmu ya zama kango, in Allah Ya kuɓutar da shi ya je can ba zai sami wanda zai tambaya ba. Dole Mafara zai nufo, kuma Mafara gari ne mai gida dubu. Sai na ce to, ba za a wayi gari ba fure rawaya a kan katangar nan ba, ko damina ko rani.

Wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, don Gajera sau ɗaya take fure a rayuwarta. Daga shuka zuwa buɗewa kusan wata biyu, ta yi 'yan makonni tana ado, ta sunkuyar da kai, shi ke nan. In kina son kullum ki ga fure, sai ki riƙa shuka bi da bi. Ni Juma'a ɗaya nake shuka, ta gaba in huta, ta gaba in sake. Shi ya sa kike ganin gwangwanaye jere kamar 'yan makaranta, wannan tana tsiro, wannan ta yi toho, waccan ta buɗe, ta ƙarshe tana bushewa. Ke ba sai kin ɗora wa kanki wannan ba. Gwangwani biyu sun ishe ki.

Gwangwanin kuma ki huda masa gindi da ƙusa, huji huɗu ko biyar. Ni da na fara ban huda ba. A garinmu rijiya ce, ki ja iya ƙarfinki, nan kuwa sai 'yan ga-ruwa sun kawo, kowane kofi da daraja. Na ce haba, in sayi ruwa kuma in yi masa hanyar zurarewa? Na toshe har hujin da tsatsa ta yi. Kuma tsoro ya sa nake ba su ruwa safe da rana da yamma, duk sanda zuciyata ta buga sai in ɗauki buta. Ganyen ya fara rawaya daga ƙasa, na ce ƙishirwa ce, na ƙara. Da suka mutu na zazzage ƙasar, wari ya buge ni, saiwar ta ruɓe ta yi baƙi. Ki tsoma yatsa a ƙasar kafin ki zuba. In kin ji danshi ki ajiye butar, ko da ranki yana ce miki ki ƙara. Ki zuba a gindi da safe, kada ki jiƙa ganyen, in ba haka ba wani farin abu kamar gari zai hau shi. Da zafin bazara kaɗai za ta nemi sau biyu.

Ƙasar ki haɗa jigawa da 'yar laka da tsohon kashin awaki wanda ya bushe ya dagargaje. Ɗanye yana ƙona ta. Takin zamani kuma ki yi nesa da shi. Babanku ya taɓa dawowa daga fadama da ɗan yuriya a aljihu, ya ce in barbaɗa mata yadda ake yi wa masara. Tausayina ya ji, shi ke nan iyakar abin da zai iya kawo mini. Na zuba da hannu sake. Ta yi ganye manya kore shar har maƙwabta suna yabawa, muka jira fure muka gaji, daga ƙarshe ta fito da wani abu kamar maɓallin riga. A wancan watan katanga ta kwana biyu babu rawaya, ni kuma na daina cin abinci, kin tuna.

Kada ki ji tausayinta da rana. Na taɓa sauke su na kai gindin darbejiya saboda na ga zafi ya yi yawa, sai suka yi ta miƙewa suna neman haske, suka zama dogaye sirara, iska kaɗan ta karya su. Rana take so tun fitowarta har la'asar. Tana ƙarama za ki ga kanta yana bin rana, da safe gabas, da yamma yamma. Amma da zarar ta buɗe sai ta daina juyawa, ta tsaya tana kallon gabas har ta mutu. Matar mai gidan nan takan ce fulawar musulma ce, ta san alƙibla. Ni dai na san in mutum ya tsaya a Mafara ya fuskanci gabas, Maradun yake kallo, da dajin da ke bayanta. Ni da su muka yi shekara uku muna kallon wuri ɗaya.

Yanzu ga wadda ta fi yi mini wuyar faɗa. Manomin gero ya san in ya zuba iri da yawa a rami, bayan tsiro sai ya bi ya rage. Na sani, na yi da hannuna tun ina yarinya. Amma a gwangwanin nan na kasa. In na sa uku duka suka fito, sai in tsaya a kansu in ce wacce zan cire? Kowacce daga hannunsa ta fito. Sai in bar su duka. Suka taso a matse, kowacce tana danne 'yar'uwarta, kara kamar tsinken tsintsiya, kai kamar murfin kwalba. Ki sa biyu ko uku, in sun yi ganye huɗu ki zaɓi mai ƙarfi ki tsinke sauran, ki kau da kai. Guda ɗaya gwangwani yake ɗauka.

Ke ma haka na yi miki. Sau biyu sunanki yana fitowa a makarantar ungozoma, sau biyu ina cewa hanya ba kyau, bari sai baɗi. Hanya kam ba kyau, ban yi ƙarya ba. Amma ba don hanya kaɗai ba ne. Na kasa jure in ga wani ya sake fita ƙofa da jaka. Na riƙe ki a ɗaki ɗaya da ni da baƙin cikina, kina ɗaukar mini buta, kina taka benci kina jera gwangwani, ƙawayenki suna wucewa da littattafai. Ban ma lura kin rame ba sai ranar da kika dire butar a gabana ruwan ya fantsama, kika ce, "Inna, ni ko sai an ɗauke ni kana ki san kin haihe ni?"

Na ɗaga hannu zan mare ki, hannun ya ƙi sauka. Ba ki taɓa yi mini rashin kunya ba kafin ranar, kuma ba ki sake ba, amma ki sani maganar ba ta faɗi ƙasa ba. Ita ce ta sa bana da takardarki ta zo na ce wa Babanku a nemo jaka. In wata rana rashi ya same ki, kuma zai same ki, don ba a gama duniya ba shi, ki juya ki ƙirga waɗanda suka rage miki a ɗaki. Suna jin yunwa, suna son a tambaye su yadda suka kwana.

Batun iri shi ne ya kawo mu ga 'yar kwalbar nan, alhali da can irin nan gora guda yake cikawa. In fure ya kaɗe, kada ki yi gaggawar yanke kan. Ki juya bayansa ki duba: yana kore bai yi ba, ya koma rawaya ya kusa, sai ya yi ruwan ƙasa ya bushe sannan ki yanka, ki rataya a inuwa, ki murje da tafin hannu, ki zuba a kwalba da toka saboda ƙwari. Tsuntsaye za su riga ki in ba ki yi hattara ba, don haka ki ɗaure kan da guntun tsohon gidan sauro. Amma ki ji lokacin ɗaurewa. Bara tsuntsaye suka cinye mini kai biyu, na fusata, na ce daga yau ko ƙuda ba zai sake taɓa su ba. Tun suna buɗewa na bi na ɗaure su duka. Suka bushe lafiya, na murje, ga 'ya'ya baƙaƙe cike da faifai, na yi ta murna. Na shuka, shiru. Na sake, shiru. Babanku ya ɗauki ɗaya ya fasa da haƙori, ya nuna mini, ba komai a ciki sai ɓawo. Ya ce, "Kin hana zuma shiga, mi kika son ta haihwa?" Ashe sai ƙudan zuma ya yi yawo a kan furen sannan irin yake cika. Ki bar shi a buɗe har ganyen furen ya fara zuba, sannan ki ɗaure. Kuma in akwai doguwar irinta kusa, wadda ake matsar mai, ki nisanta su, yayanki ya ce in suka haɗu 'ya'yan dogaye za su fito. Abin da ke kwalbar nan daga 'yan kawunan da suka tsira ne, na duba su ɗaya ɗaya, masu nauyi ne.

Akwai maganar da muka ɓoye miki, yau kin girma. Kin tuna dattijon nan ramamme da ya zo da azumin bara, wanda na ce miki baƙon Babanku ne, na aike ki niƙa? Mutumin wajen Gidan Goga ne, ya daɗe a hannun mutanen daji kafin Allah Ya fid da shi. An ce masa akwai masu neman ɗansu a nan. Bai tambayi kowa gidan ba, fulawar ya gani a kan katanga ya yi sallama. Da na ji haka sai na nemi wuri na zauna.

Ya zauna ya sunkuyar da kai ya ce, "Baiwar Allah, ni ban iya yi maki ƙarya. Akwai wani yaro dogo da munka zamna tare, kullum zancenai wata hulawa gajera da innatai ka cewa ba a miya da ita. Zazzaɓi yak kama shi cikin damana. Wata sahiya munka tashe shi bai tashi ba. Mu munka rufe shi."

Na ce, "Mi as sunanai?"

Ya ce, "Can ba a kiran suna, baiwar Allah. Dogo muka ce mai."

Na miƙe na ce to ba shi ba ne, dogaye sun yi yawa a duniya. Na shiga ɗaki na bar su. Ranar na shuka gwangwani uku a maimakon ɗaya. Tun daga lokacin Babanku yake bina da lallashi. Ko makon jiya sai da ya ce, "Ke dai ki yi haƙuri. Dangi na son su zo su yi muna gaisuwa, kin hana. In yaron ga ya riga mu, hakkinai na mu yi mai addu'a." Ni kuma kullum amsata ɗaya, ba a faɗi suna ba. Amma in na kwanta, abin da ke cina shi ne wannan: ya tafi inda ba a kiran suna, daga gidan da uwarsa ba ta taɓa kira ba.

Na gaji, Shafa'atu. Ba zan ɓoye miki ba, na gaji ƙwarai. Idona ya fara hazo, gwiwata ba ta son benci, kuma gobe mai taka mini shi za ta hau mota. Ba na ganin ranar komawa gida. Waɗanda suka leƙa sun ce rufin ɗakina ya rufta, geza ta cinye gonar, katangar da ya jera gwangwanayensa ta zube rabi. Ina jin mutane suna cewa za a sami sauƙi, nakan ce Allah Ya sa, amma a zuciyata ban ga ta inda zai ɓullo ba. Mun tsufa a gidan haya, kuma ina jin a maƙabartar garin nan za a kai mu.

Jiya na ce wa Babanku na yarda. Akwai gwangwani huɗu da suka rage a kan katanga, ta ƙarshen yanzu ta fara toho. In ta buɗe ta yi kwanakinta ta sunkuyar da kai, ya aika wa dangi na Bakura da na Damri, a shimfiɗa tabarmi, a yi wa yaron addu'a yadda ake yi wa kowa. Ya share fuska da hannun riga ya fita. Ba sai kin zo ba, kada ki hau hanyar nan don wannan. Ki yi masa taki addu'ar a inda kike.

Irin kuma na ba ki. Ki shuka a bakin tagarki ko a bayan ɗakin kwananku, inda rana take. Kada ki mai da ita abin jira, kada ki riƙa duba hanya ta bayanta. Ki shuka ta don abin da ya kawo ta dominsa, wato kallo. In ƙawayenki sun tsaya sun ce wannan fa, ki ce musu ta yayanki ce, ki ba su iri in sun roƙa, kada ki yi rowa irin tawa. In ta mutu miki karon farko kada ki yi kuka, ni na kashe fiye da yadda zan iya tunawa.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki ci abinci ko ba ki jin daɗinsa. Kada ki hau mota bayan la'asar, ko wa ya ce miki hanya lafiya. In an yi hutu kika ji labari ba daɗi, ki zauna can wurin ƙanwar Babanku, ba zan yi fushi ba. Matan da za ki riƙa karɓar haihuwarsu, ki yi musu magana mai laushi, ba ki san abin da kowacce ta baro a gida ba.

Saura abu ɗaya. Kin san yawan irin nan, ke kika riƙe mini faifai ranar da na zuba shi a kwalba. In kin zazzage kika ga bai kai yadda kika sani ba, kada ki zargi ɓera. Na ɗebi kaɗan na ƙulle a bakin zanena. Na ce wa Babanku na yarda, kuma na yarda ɗin, za a yi addu'a, zan zauna a karɓi gaisuwa. Amma dattijon nan bai faɗi suna ba. Gwangwani ɗaya ba zai tare wa kowa hanya ba, kuma ɗan matar mai gida zai riƙa ɗora mini shi.

Allah Ya tsare ki a tafiyarki da zamanki, Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa ki gama lafiya ki ga abin da mu ba mu gani ba na kwanciyar hankali. Allah Ya yi miki albarka, na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini shekarun da na ci miki. Shi kuma, in yana raye Allah Ya nuna masa katangar, in ya riga mu Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka inda aka rufe shi. Allah Ka san wanda nake nufi, amma yau zan faɗa: Lawali. Lawali, ɗana. Ga shi na rubuta, ashe ko layi ɗaya bai cika ba.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarku,
Innar Lawali da Shafa'atu.